Ɗa Na Kowa Ne: Uwar Shaihu Umar a Littafi da Fim da Tarihi

1.0 Gabatarwa

A watan Fabrairu na shekarar 2018 aka nuna wani tsohon fim na Hausa a bikin finafinai na birnin Balin a ƙasar Jamus. Fim ɗin shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa mai wannan suna. An daɗe ana zaton fim ɗin ya salwanta, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a cikin ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda hedkwatarta take a Jos. Wata cibiyar adana finafinai ta Balin mai suna Arsenal ita ce ta gyara shi, ta mayar da shi yadda na'urorin zamani za su iya nuna shi.

Manazarta adabin Hausa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan Shaihu Umar, kuma galibinsu sun fi mayar da hankali ne a kan tauraron labarin, wato yaron da aka sace ya girma a hannun Balarabe har ya zama shaihin malami. Manufar wannan maƙala ita ce ta juya ga mahaifiyarsa. Za a bi tarihin labarin daga littafi zuwa dandamali zuwa majigi, a dubi zamanin da ya haifar da irin wannan uwa, sannan a nuna cewa abin da ta fita nema yana ƙunshe ne a cikin kalma ɗaya ta Hausa, wato "ɗa", wadda take nufin abin da mutum ya haifa, take kuma nufin wanda ba bawa ba. Daga ƙarshe za a dawo garin Jos, inda hukumar da ta mallaki fim ɗin take, a dubi abin da matan unguwar Daɗin Kowa suka yi a shekarun rikici.

2.0 Uwa a Finafinan Yaƙi

Masu shirya finafinai a ƙasashe da dama sun lura cewa idan ana son a nuna abin da yaƙi yake yi wa talakawa, to hanya mafi sauƙi ita ce a bi sawun wata uwa. A 1960 Vittorio De Sica na Italiya ya fitar da La Ciociara, daga littafin Alberto Moravia na 1957. Labarin wata bazawara ce mai kanti a birnin Rum, wadda ta gudu da 'yarta zuwa ƙauyensu a 1943 domin tsira daga ruwan bama-bamai, a lokacin da sojojin Jamus suke riƙe da ƙasar. Sun tsira daga Jamusawan, amma a hanyarsu ta komawa gida wasu sojojin ɓangaren da ya zo ceton ƙasar suka ci mutuncinsu su biyun. Sophia Loren, wadda ta fito a matsayin uwar, ta sami lambar Oscar a 1962 saboda wannan fim. Shekaru sittin bayan fitowarsa, wato a 2020, Jasmila Žbanić ta Bosniya ta fitar da Quo Vadis, Aida?, labarin wata malamar makaranta da take yi wa sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya tafinta a Srebrenica a watan Yuli na 1995, lokacin da aka kashe maza da samari fiye da 8,000. Duk da katin aikinta da sanayyarta da manyan sojoji, ba ta iya kuɓutar da mijinta da 'ya'yanta biyu ba.

Abin lura a nan shi ne, a cikin finafinan biyu uwa ba ta yi nasara ba. Ƙimarta a labarin ita ce ta ƙi amincewa a mayar da 'ya'yanta wani abu dabam da abin da ta san su, ko ganima ko lamba a cikin jerin sunaye. A kan wannan ma'auni ne za a iya ajiye Shaihu Umar a jere da su, sai dai akwai bambanci guda. Turai ta san mamaya, wato baƙin sojoji su shigo gari su zauna, su kafa doka. Abin da talakan ƙasar Hausa da maƙwabtanta suka fi sani a ƙarni na 19 shi ne hari: mahaya su faɗo wa ƙauye da asuba ko su tare manoma a gona, su kwashe wanda suka samu, kafin rana ta take sun yi nisa. Mai mamaya ana ganinsa kullum, ana iya roƙonsa. Mahari kuwa sai an bi sawunsa, shi ya sa kāre iyali a irin wannan zamani ya kan zama tafiya.

3.0 Daga Alƙalami Zuwa Majigi

A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, da kuma Shaihu Umar. Marubucinsa, wanda aka haifa a 1912, bai daɗe da gama Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba wanda ya san shi ne zai zama Firayim Ministan Nijeriya na farko.

Yana da muhimmanci a tuna halin da bauta take ciki a lokacin da aka rubuta littafin. Sanarwar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana kamu da sayar da bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga farkon Afrilu na wannan shekara ɗa ne, amma ba ta 'yantar da bayin da suke hannun iyayengijinsu ba. An bar su ne su fanshi kansu ta hanyar murgu a kotunan alƙalai, kuma sai a 1936 aka yi dokar da ta soke bauta baki ɗaya a Arewa. Ke nan Tafawa Ɓalewa ya yi rubutunsa ne a lokacin da tsofaffin da aka kama a hari suke raye, waɗanda suka kama su ma suna raye, wani lokaci a gida ɗaya. Wannan yana iya bayyana sanyin muryar littafin. Ba a la'anci kowa a ciki ba, an dai jera abin da ya faru, an bar mai karatu da lissafi.

Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, shekara guda bayan kisan marubucin a juyin mulkin Janairun 1966. Daga nan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo na dandamali, aka buga wasan a 1975. Fim ɗin Adamu Halilu ya biyo baya a 1976, a daidai lokacin da gwamnatin tarayya take shirin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC da aka yi a Legas a 1977. Halilu ba baƙo ba ne a wannan sana'a, domin ya fito ne daga cikin ma'aikatan majigin gwamnatin Jihar Arewa, masu shirya finafinan wayar da kai da ake zagawa da su gari gari a mota, kuma bayan Shaihu Umar ya shirya Kanta na Kabi. Fim ɗin da Hausa aka yi shi, tsawonsa ya haura awa biyu, kuma Umaru Ladan da Umaru Dembo suna cikin 'yan wasansa. Ya riƙe zubin littafin, wato malami yana ba almajiransa labarin rayuwarsa.

Ɓacewar fim ɗin tana da dalilai da ake gani. Irin faifan da aka ɗauke shi a kai yana buƙatar ɗaki mai sanyi da injin majigi, ga shi kuma tattalin arziƙin ƙasa ya karye a shekarun 1980, gidajen sinima suka yi ta rufewa. Da finafinan bidiyo suka shigo Kano da Turmin Danya a 1990, sai sana'ar ta koma wani tafarki dabam. Sakamakon haka ɗalibai da yawa sun karanta Shaihu Umar domin jarrabawa ba tare da sanin an taɓa yin fim ɗinsa ba.

4.0 Tafiyar Uwa

Labarin ya fara ne a Rauta, kusa da Bauchi, inda almajirai suka tambayi Shaihu Umar asalinsa. Ya ce an haife shi a Kagara, mahaifiyarsa kuwa mutuniyar Fatika ce ta ƙasar Zazzau. Mahaifinsa ya rasu, ita kuma ta auri wani bafade mai suna Makau. Sarki ya tura fadawa hari ƙasar Gwari, bayan an dawo mahassada suka kai ƙarar Makau cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, aka kore shi daga gari, ya ƙare a Makarfi. Kafin matar ta bi mijinta sai ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun wata aminiyarta. A wannan tsakani aka sace shi. Bayan 'yan sauye-sauyen hannu ya isa Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu.

Akwai wani abu a wannan tsari da bai kamata a wuce shi ba. Gidan da aka sace wa yaro gida ne da yake ci daga hari. Makau mutumin kirki ne a labarin, amma sana'arsa ita ce kamo 'ya'yan wasu, kuma matan Gwari da aka raba da nasu 'ya'yan ba a ji muryarsu ba ko sau ɗaya. Marubucin bai yi sharhi a kan wannan ba, sai dai ya sa abin da aka yi wa wasu ya juyo kan gidan mai yi.

Da uwar ta sami labari sai ta bar miji da dangi ta shiga nema. A Kano ta ji cewa ɗanta ya bi ayari, wani mai suna Ado ya yi mata alkawarin zai kai ta inda yake. Yaudara ce. Ta tsallake hamada a matsayin mai neman ɗa, ta isa Murzuk a matsayin haja. Ta kai ƙara gaban alƙali, amma hakan bai hana a sayar da ita zuwa Tarabulus ba. Shi kuwa Umar, bayan ya girma ya zama malami, mafarki ne ya tayar masa da begen mahaifiyarsa, ya kamo hanyar gida tare da Abdulkarim. A Tarabulus suka haɗu, tana baiwa a gidan wani, ta tsufa, wahala ta cinye ta. Ba ta daɗe ba bayan ganinsa ta rasu.

Idan aka auna rabon mutanen biyu, za a ga cewa bauta ta zame wa ɗan tsani, ta zame wa uwar kabari. Mai karatu kuma ya fi saninta da "uwar Umar", domin ɗa ne yake ba da labarin, kuma Bahaushe ba ya kama sunan mahaifiyarsa a bainar jama'a. Haka nan al'ada ta ɗora wa uwa alkunyar ɗan fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane. Matar da aka yi wa irin wannan tarbiyya ce ta tsaya a kasuwannin baƙi tana tambayar wanda ya ga ɗanta. Bahaushen da ya karanta littafin a 1934 ba ya buƙatar a yi masa bayanin nauyin wannan.

5.0 Zamanin Hari

Labarin ƙagagge ne, amma hanyoyin da ya bi da halin da ya siffanta duk tarihi ya tabbatar da su. Heinrich Barth, wanda ya isa Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana fitar da bayi kimanin 5,000 daga birnin a kowace shekara. Fataken Larabawa, musamman mutanen Gadamas da Tarabulus, suna da unguwarsu a Kano, wadda sunanta, Dandalin Turawa, yake tuna wa manazarci cewa Larabawa aka fara kira Turawa a Hausa. Ayari yakan bi ta Damagaram da Agadas da Gat zuwa Tarabulus, ko kuma ta Kukawa da Bilma da Murzuk. Daular Usmaniyya, wadda take mulkin Tarabulus da Murzuk, ta haramta fataucin bayi daga Afirka a 1857, amma cinikin ya ci gaba a ɓoye har ƙarshen ƙarnin. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafinsu na 1993, sun ƙiyasta cewa bayin da suke Daular Sakkwato a lokacin zuwan Turawa sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5.

Ƙarshen ƙarnin ya zo da ƙarin hargitsi. A gabas Rabeh ya ci Barno a 1893, ya riƙe ta har Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900, abin da ya dagula hanyar fatake ta wannan ɓangare. A kudu maso yamma kuwa Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya yi suna wajen kai hari a ƙasar Gwari da kudancin Zazzau, har Turawa suka ci garinsa a 1901. Wannan shi ne yankin da Kagara take.

Akwai shaidu biyu daga bakin Hausawa da suka ga zamanin. Na farko shi ne Dorugu, wanda aka kama yana yaro a ƙasar Damagaram, ya zama yaron Barth, ya je Turai, ya kuma ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi a cikin Magana Hausa a 1885. Ta biyu ita ce Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Baba ta ba da labarin yadda mahara suka kwashe mata da yara daga cikin danginta, da yadda maza suka bi sawu suka tara kuɗin wuri suka fanso su, har cikin da wata take ɗauke da shi sai da aka yanka masa nasa kuɗin. Dangin Baba Musulmi ne, 'ya'ya ne, su ma suna da nasu rinjin bayi. Duk wannan bai kāre su daga kamu ba. Abin da ya dawo da su gida shi ne suna da mutanen da suka san su, masu iya zuwa su ce wannan tamu ce.

A fuskar shari'a babu ruɗani ko kaɗan. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta Mi'iraj al-Su'ud, inda ya lissafa Kano da Katsina a cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a cikin Wasiƙat Ahl al-Sudan, ya bayyana haramcin bautar da 'ya'yan Musulmi, kuma wannan yana cikin laifuffukan da masu jihadi suka tuhumi sarakunan Haɓe da su. Saboda haka ƙarar da uwar Umar ta kai a Murzuk tana da tushe mai ƙarfi. Abin da ta rasa shi ne dangi a kusa, waɗanda za su tsaya su ga an zartar da abin da shari'a ta ce.

6.0 Kalmar "Ɗa"

A nan ne harshe yake haskaka tarihi. Hausa tana da kalmomi da yawa na bauta: bawa da baiwa, kuyanga, ƙwarƙwara ko sa-ɗaka, bacucane wanda aka haifa a gidan ubangiji, rinji inda bayi suke noma, murgu da bawa yake biya domin ya yi aikin kansa, da fansa. Amma kishiyar bawa ba ta da wata kalma ta musamman. Kalmar haihuwa aka ara: namiji ɗa, mace 'ya ko ɗiya, jam'i 'ya'ya. Daga wannan tushe aka samu 'yanci da 'yantarwa, kuma Hausar yamma, inda ake cewa ɗiyauci, ta fi fito da asalin a fili. Kalmar da aka yi amfani da ita a 1960 domin bayyana fitar Nijeriya daga hannun Ingila, wato 'yancin kai, daga ɗakin haihuwa ta fito.

Abin da wannan yake nunawa shi ne, a tunanin Bahaushe mutum yana da 'yanci ne saboda an san wanda ya haife shi. Bawa kuwa shi ne wanda aka yanke daga asalinsa, shi ya sa akan sauya masa suna, a ba shi irin su Allah-bar-Sarki ko Nasamu, sunayen da suke magana a kan ubangiji maimakon iyaye. Fiƙihun Malikiyya ma ya rataya al'amarin a wuyan uwa, domin abin da baiwa ta haifa yana bin matsayinta, sai fa idan ubangijinta ne uban, a nan yaron ɗa ne, ita kuma za ta 'yantu bayan rasuwar ubangijin. Uwa ce ƙofar da mutum yake shigowa duniya ta cikinta a matsayin ɗa ko bawa.

Idan aka karanta labarin da wannan fahimta, tafiyar uwar Umar tana ɗaukar ma'ana biyu a lokaci guda. Tana neman ɗanta, tana kuma ɗauke da hujjar cewa shi ɗa ne, domin ita ce shaidar da ta fi kowa sanin asalinsa. Amma kowane zango da ta yi nesa da Fatika yana rage yawan waɗanda suka san ita 'yar wane ce, har ta kai inda ba mai iya faɗin sunan ubanta. Ta fita domin ta tabbatar da ɗiyaucin wani, sai nata ya zube a hanya. Shi kuma Umar abin da ya cece shi shi ne Abdulkarim ya kira shi ɗa, ma'anar farko ta jawo masa ta biyu.

Masu iya magana sun ce ɗa na kowa ne, bawa sai mai shi. Yau an fi kawo rabin farko na karin maganar, ana nufin yaron kirki kowa yana son sa, ko kuma tarbiyyar yaro aikin kowa ne. Rabin na biyu yana nuna cewa asalinta magana ce a kan matsayi: ɗa yana da jama'a da za su tsaya masa ko'ina ya shiga, bawa kuwa ba mai shiga tsakaninsa da mai shi.

7.0 Jos da Unguwar Daɗin Kowa

Garin Jos shi ne mazaunin wasu daga cikin hukumomin fim na tarayya. Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka a 1979, a can take, kuma ita ce ta shirya Kulɓa Na Ɓarna a 1992 daga wasan Umaru Ɗanjuma Katsina. A can ne kuma Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa da taskar adana finafinai da muryoyi suke. Sai dai wannan gari da aka damƙa wa ajiyar tarihin hotuna shi ma ya ga nasa tashin hankali. Rikicin Satumban 2001 ya ci rayuka kimanin 1,000 cikin mako guda. Na Nuwamban 2008, wanda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ya ci ɗaruruwa, haka ma na Janairun 2010. Unguwanni da dama da a da suke cakuɗe sun rabu, Musulmi gefe, Kirista gefe, har ta kai sunan mutum da unguwar da tsautsayi ya kai shi su ne suke yanke masa hukunci.

Daɗin Kowa unguwa ce a Jos ta Kudu, a kan hanyar Bukuru, inda Musulmi da Kirista na ƙabilu dabam-dabam suke zaune tare. Ta yi suna da cewa ba a yi kashe-kashe a cikinta ba a waɗannan shekaru, alhali unguwannin da suke kusa da ita sun ƙone. Jana Krause ta yi nazarin dalilin haka a littafinta na 2018, inda ta kwatanta unguwar da ƙauyen Wayame na tsibirin Ambon a Indunusiya. Daga cikin abubuwan da ta gano akwai rawar da mata suka taka. Matan addinan biyu sun riƙa haɗuwa suna tattauna tsoron da suke ciki, suka kai kukansu ga dattawa da shugabannin addini, aka yi yarjejeniyar zaman lafiya, aka kuma sa matasan ɓangarorin biyu sintiri tare, domin hana baƙi shigowa da faɗa da kuma hana 'yan unguwa fita nemansa. Binciken bai ce unguwar ba ta da zargi da zaman ɗar-ɗar ba. Ya nuna dai cewa an yi aiki tuƙuru kafin a hana zargin ya zama jini.

Ba daidai ba ne a ce rikicin Jos da harin ƙarni na 19 abu ɗaya ne, domin dalilansu da zamaninsu sun bambanta. Inda suka haɗu shi ne a kan abin da yake faruwa da mutum idan ya faɗa hannun waɗanda ba su san uwarsa ba. Uwar Umar ta yi ƙoƙarin kāre ɗanta ita kaɗai, a ƙasar da ba ta da kowa, bayan an riga an tafi da shi. Matan Daɗin Kowa sun yi nasu ƙoƙarin ne tare, a gida, tun abin bai faru ba, ta hanyar sa unguwa ta ci gaba da ganin kowane saurayi a matsayin ɗan wance.

Tsohon labarin kuma bai tsufa ba. A ranar 17 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara a Jihar Neja, garin da sunansa ya zo ɗaya da inda aka sace Umar, suka kashe ɗalibi guda, suka tafi da ɗalibai 27 tare da wasu malamai da iyalansu, sai bayan kwana goma aka sako su. Kalmar fansa, wadda ɗalibi a shekarun 1970 yake haɗuwa da ita a littafin tarihi ko a wa'azi, ta koma cikin labaran rediyo.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi labarin Shaihu Umar daga gasar 1933 zuwa fim ɗin 1976 da sake gano shi a 2016, ta kuma nuna cewa uwar tauraron ita ce take ɗauke da nauyin tarihin da ke cikinsa. An ga cewa hari da yaudara da sayar da 'ya'ya duk suna da shaidu a rubuce-rubucen Barth da Dorugu da Baba ta Karo, kuma ma'anoni biyu na kalmar "ɗa" suna bayyana dalilin da ya sa nisa da dangi ya zama hanyar bauta. Akwai sauran aiki a gaban manazarta. Fim ɗin taska ce ta Hausar da 'yan wasa suka furta a 1976, kuma kwatanta maganganun uwar a littafi da wasa da fim zai nuna abin da kowane zamani ya yarda ta faɗa. Wannan nazari ba zai yiwu ba sai sassan koyar da harsunan Nijeriya sun mallaki kwafen da aka gyara, domin ɗaliban da suke karanta littafin a Kano da Sakkwato da Zariya da Jos su ga abin da aka nuna wa 'yan kallo a Balin.